Wanke Aka Ce Masa, Yanke Aka Yi



A wannan fitowar muna so mu tattauna wata magana da ta daɗe tana damunmu, domin a gabanmu aka yi ta, kuma muna da namu kason laifin a ciki. Tambaya ce guda: idan za a sa wuƙa a jikin mutum don amfanin kansa, dole ne a gaya masa gaskiya a nemi yardarsa, ko kuwa ya halatta a rufe shi saboda kada tsoro ya hana shi magani?

Akwai wani dattijo a unguwar nan, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda muka fi shekara 20 muna sahu ɗaya da shi. Ba za mu kama suna ba, mu ce da shi Baba kawai. Yana da ciwon suga. Wata rana ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, bai ma ji ba, sai da ya ga jini a takalmi. Haka sugan yake yi idan ya daɗe a jiki, yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba. Wurin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, ya fara ruwa da wari. Aka yi na kemis, aka yi na gargajiya, daga ƙarshe babban ɗansa ya roƙe mu mu raka su wani asibiti a cikin garin Ibadan, wai Baba ya fi jin maganarmu.

Likitan matashi ne, kuma tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Ya duba ƙafar, ya danna, ya nemi bugun jini a idon sawu, sannan ya yi bayani mai tsawo da Turanci yana haɗawa da Yarbanci. Baba yana jin Yarbancin ciniki, amma na asibiti ya fi ƙarfinsa. Da likita ya gama sai ya ce da ɗan ya fassara. Yaron ya sunkuya ya ce, "Baba, wai wanke ciwon za su yi." Shi ke nan. Bayanin da ya kusa minti 10 ya koma kalma shida.

Baba ya juyo ya kalle mu ya ce, "Liman, haka ne?"

Mu kuwa mun ji abin da likita ya faɗa sarai. Amma sai muka ce, "In sha Allahu alheri ne, Baba." Ba mu yi ƙarya da baki ba, amma mun san abin da muka yi. Aka kawo takarda, aka kama babban yatsansa aka dangwala.

To mene ne ainihin abin da likitan ya faɗa? Cewa ya yi naman da ke cikin gyambon da na gefensa ya mutu, kuma mataccen nama ba ya farfaɗowa. Matuƙar yana nan, ƙwayoyin cuta sun sami gida da abinci, maganin da ake sha ko ake yi wa allura ba ya isa wurin sosai saboda jini ba ya zuwa, sabon nama kuma ba ya samun hanyar tsirowa. Saboda haka za a sa wuƙar tiyata da almakashi a yanke mataccen, a kankare, har a tarar da mai rai, wanda ake gane shi da ja da kuma ɗan jinin da yake fitarwa. Ya ce bayan an gama ramin zai fi na da girma da zurfi, kada a tsorata, daman ɓarnar tana nan a ɓoye, buɗe ta kawai aka yi. Ya ce za a iya zubar da jini, za a iya jin zafi ko da an yi allurar kashe zafi, kuma da wuya sau ɗaya ya isa, sai an maimaita. Ya ce idan aka tarar ruɓar ta kai ƙashi, to maganar za ta canza, sai an sake zama. Ya kuma faɗi abin da zai iya faruwa idan aka bar shi haka: ruɓar ta hau sama, ko ta shiga jini.

Duk ɗan goro ya san wannan hikimar tun kafin likita ya faɗa. Idan ka kwance huhu ka tarar sankara ta kama wasu, ba ka yayyafa ruwa ka mayar da ganye ka ɗaure. Zama kake yi ka tsince masu ciwon ɗaya bayan ɗaya, ko da huhun zai ragu, kuma bayan kwanaki ka sake kwancewa ka duba. Da an yi wa Baba bayani da wannan yaren, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsintar goro, kuna ganin ba zai gane ba?

Amma ba a yi masa ba. Da aka zo wankin ciwo bayan aikin, nas ta warware bandeji, Baba ya leƙa ya ga rami wanda ya ninka na da. Ya yi shiru. Can ya ce da ɗansa, "Wannan ne wankin?" Ya kalle mu ya ce, "Har da kai, Liman?" Wallahi har yau idan muka tuna wannan kallon sai mun ji nauyi a ƙirji. Washegari ya ce a mayar da shi gida ko ya yi Allah ya isa. Aka mayar da shi. Duk wanda ya yi masa zancen asibiti sai ya ce, waɗanda suka ce wanki suka yi yanka, ranar da suka ce yanka me za su yi?

Yanzu mu yi wa ɗan adalci, domin ba mugu ba ne, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce da mu, "Liman, ka san Baba. Da na ce masa wuƙa za a sa, wallahi ko zama ba zai yi ba. Ni ƙafarsa nake so a ceto." Kuma gaskiya ne cewa a cikinmu akwai tsoron ƙarfe. Mun taso muna jin cewa akwai ciwon da ba ya son allura ko aska, da an taɓa shi sai ya haukace. Mun kuma ga waɗanda suka tafi asibiti da ƙafa biyu suka dawo da ɗaya, ba tare da mun tambayi wata nawa suka yi a gida kafin su tafi ba. Ɗa mai tausayi yana ganin ƙaramar ƙarya ta fi babbar asara sauƙi. Da yawanmu da ke karanta wannan, da mu ne a wurin, abin da za mu yi ke nan.

Duk da haka muna ganin kuskure ne, kuma ga dalilanmu.

Na farko, jiki amana ce da Allah ya danƙa wa mai shi, ba ɗansa ba, ba limaminsa ba. Shi za a tambaya a kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa a rashin lafiyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati a cikinta, iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu nuni da su bari. Suka ɗauka irin ƙin maganin nan ne na kowane majiyyaci, suka ci gaba. Da ya farfaɗo sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda yake wurin irin maganin, ban da baffansa Abbas, domin shi bai halarta ba. Ku duba fa, waɗannan su ne mafiya ƙaunarsa a duniya, kuma alheri suka nufa. Amma kyakkyawar niyyarsu ba ta zama izini ba. Haka kuma matar nan mai farfaɗiya da ta zo neman addu'a, zaɓi ya ba ta tsakanin haƙuri da ladansa ko addu'ar waraka, ita ta zaɓa da bakinta. A kan irin waɗannan dalilai ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa sharaɗi ne a sami izinin majiyyaci kafin a yi masa magani matuƙar baligi ne mai cikakken hankali.

Na biyu, mu 'yan kasuwa ne, mun san mece ce yarda. Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta ɗora halaccin ciniki a kan yardar juna. Kuma duk ɗan Islamiyya ya san labarin mai hatsin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, da irin tsawatarwar da ya sha a kan algus. Mai sayen ya miƙa kuɗinsa da hannunsa, ba wanda ya tilasta shi, to me ya sa aka kira abin ha'inci? Saboda abin da ya yarda da shi daban, abin da aka ba shi daban. Yardar da aka gina a kan jahiltar abu ba yarda ba ce. Idan haka abin yake a kan mudun hatsi, ina ga naman jikin ɗan Adam? Baba wanki ya dangwala wa yatsa. Yankan da aka yi masa, har ga Allah, ba da izininsa aka yi ba, ko da takarda ta nuna akasin haka. Takarda shaida ce kawai cewa an yi magana an fahimci juna. Idan ba a yi maganar ba, shaidar zur ce muka haɗu muka rattaba.

Na uku, kuma wannan shi ne wanda masu cewa a rufe majiyyaci ba su cika lura da shi ba: dabarar ba ta ma aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a ciwon da mai shi zai gani da idonsa duk ranar wanki. Warkar da gyambon mai suga ba aikin rana ɗaya ba ne, aikin makonni ne ko watanni. Sai ya daina taka wurin. Sai ya kiyaye abinci, ya riƙe maganinsa ko allurarsa. Sai ya yi ta komawa ana wanki, ana sake kankarewa. Wa zai yi masa waɗannan? Kana iya yaudarar mutum ya kwanta a gadon tiyata sau ɗaya, amma ba ka iya yaudararsa ya yi wata uku yana ba da haɗin kai. Mun ci nasarar awa ɗaya, muka sayar da amincin da ake buƙata na sauran tafiyar. Ban da haka, zaman bayanin nan ba likita kaɗai ke ba da labari ba. A nan ne mai ciwo zai ce ai ina shan maganin tsinka jini, ko allura kaza ta taɓa yi mini illa, ko ga abin da mai maganin gargajiya ya zuba a wurin. Wanda aka ce masa wanki ne kawai, me zai sa ya kawo waɗannan?

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, da kuma cewa yana da damar ƙi, tare da bayyana masa abin da ƙin zai jawo. Ta ƙara da cewa a yi masa bayanin, gwargwadon iko, da harshen da yake ji kuma daidai da iliminsa. Wannan gaɓar tamu ce, mu da muke zaune a ƙasar da harshen asibitinta ba namu ba ne. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, amma har gobe akwai tsofaffinmu da matanmu da sai da tafinta suke ganin likita. A 2001 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo, wanda majiyyaciyarsa ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, ta kuma wanke likitan da ya mutunta zaɓinta.

Sai dai mu faɗi gaskiya, a wurinmu matsalar ba ta cika zama daga likita ba. Eh, akwai masu gaggawa, akwai wanda zai turo takarda ta hannun nas ba tare da ya ce uffan ba, kuma da likitan Baba ya ce masa, "Maimaita mini abin da ka fahimta," da asirinmu ya tonu nan take. Amma mafi yawan lokaci a bakin tafinta yardar take ɓacewa, tafintan kuwa mu ne: ɗa, ƙane, miji, maƙwabci, liman. Tafinta amintacce ne, kamar dillalin da aka ba kaya. Ba shi da ikon ragewa ko ƙarawa. Yana iya tausasa lafazi, yana iya farawa da abin da zai kwantar da hankali, amma ba shi da ikon mayar da yanke ya koma wanke.

A nan dole mu taɓo maganar mata. Sau nawa ake kai mace da ƙuna, ko miki bayan haihuwa, ko gyambo, likita ya yi magana da mijin a waje, miji ya sa hannu, ita kuwa sai dai ta ga ana tura ta? Shawara da miji abu ne mai kyau, kuma babu mace mai hankali da za ta ƙi ta. Amma aure bai mayar da jikinta dukiyarsa ba. Ita za ta ji zafin, ita za ta zauna da tabon. A yi bayanin a gabanta, a ji daga bakinta.

Wani zai ce, to Liman, idan an faɗa masa gaskiya ya ƙi fa? Sai mu naɗe hannu ƙafa ta ruɓe? A'a. Tsakanin yaudara da naɗe hannu akwai fili mai faɗi, kuma a nan aikinmu yake. Malamai sun bayyana cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa. To mu gaya masa haka ƙarara. Mu kawo masa wanda aka yi wa irin aikin ya warke, ya nuna masa tabon. Mu tambaye shi ainihin abin da yake tsoro, domin sau da yawa ba wuƙar ba ce: wani kuɗin yake tunani ba ya son ya ɗora wa 'ya'yansa, wani yana zaton da ya shiga tiyata sai dai ya farka babu ƙafa. Mu koma wurin likita tare mu tambaya ko akwai wata hanya, domin wani mikin ana iya tausasa mataccen namansa a hankali da magungunan shafawa da irin bandejin da ke riƙe danshi, duk da cewa wannan yana da jinkiri kuma ba ya isa idan ruɓa tana gudu. Mu ba shi dare ɗaya ya yi istihara idan likita ya ce akwai lokacin. Mu roƙe shi, mu yi masa kuka idan ta kama. Duk wannan halal ne. Idan bayan haka ya tsaya a kan ƙi, yana cikin hankalinsa, ya san abin da zai biyo baya, to mun sauke namu, saura tsakaninsa da Ubangijinsa. Abu ne mai ɗaci, ba mu musa ba. Amma wanda ya ƙi yau alhali ya amince da kai, yana iya kiranka jibi ya ce a tafi. Wanda ka yaudara kuwa ka rufe ƙofar da hannunka.

Akwai inda hukuncin yake canzawa, kada a fahimce mu a karkace. Wanda aka kawo a sume, ko zazzaɓin ruɓa ya gusar masa da hankali, kuma jinkiri zai iya kashe shi, ba a jiran sa hannunsa, ceton rai ake yi. Yaro ƙarami da wanda ya sami taɓin hankali, waliyyinsu ke ba da izini, shi ma da sharaɗin ya nemi maslaharsu. Idan ƙinsa cutarwa ce bayyananna, ba a bin ta tasa. Amma tsufa ba hauka ba ne, rashin boko ba rashin hankali ba ne. Mutumin da ya yi shekaru yana lissafin huhun goro daga kurmi zuwa Arewa da ka, ba za a ce ba zai gane zancen ƙafarsa ba.

Saboda haka duk wanda ya raka majiyyaci, ko shi ne a kwance, kafin a sa hannu a tambaya: me za a cire, kuma da me? A gado za a yi ko a tiyata, da allurar kashe zafi ko ta barci? Yaya wurin zai kasance bayan an gama? Sau nawa ake sa ran maimaitawa, kuma nawa ne kuɗin? Idan an buɗe an tarar abin ya wuce zato, za a tsaya a sake tambayata ko kuwa takardar nan ta ba da izinin wucewa gaba? Wannan ta ƙarshen a riƙe ta da kyau. Tambaya ba raini ba ce ga likita, likitan kirki ma daɗinta yake ji.

Baba ya yi kusan wata biyu a gida. Ruɓar ta ci tafin ƙafar, ta haura idon sawu. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi muka je muka durƙusa a gabansa muka ce, "Baba, mun zalunce ka ranar nan. Mun ji abin da likita ya ce muka ɓoye maka. Ka yafe mana. Yau kuwa duk abin da aka faɗa za mu gaya maka shi yadda yake, ko mai daɗi ko mara daɗi." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "A kira mota."

A wannan karon maganar ta wuce kankara. Likita ya ce sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Muka fassara masa kalma bayan kalma, muryarmu tana rawa. Muka tuna masa da Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, wanda ruɓa ta kama ƙafarsa a tafiyarsa zuwa wurin Halifa Walidu a Sham, likitoci suka gaya masa gaskiya, shi da kansa ya ba da izini aka yanke, ya kuma gode wa Allah a kan gaɓoɓin da aka bar masa. Baba ya yi tambayoyi kamar mai taya kaya: in an bari kwana nawa, in an cire yaya tafiya, yaya sallah. Da ya gamsu aka miƙo tawadar dangwale, sai ya ture ta ya ce a ba shi biro. Ya rubuta sunansa da ajami, da hannunsa.

Mutumin da muka ce ba zai iya jin zancen kankarar nama ba, shi ne ya ji zancen cire ƙafa ya ce bismillah. Ashe ba shi ne mai raunin ba, mu ne muka kasa faɗa. Ko da an gaya masa gaskiya tun farko ƙafar za ta tsira? Allah kaɗai ya san wannan. Abin da muka sani shi ne mun hana shi damar gwadawa da yardarsa.

Yanzu a kan kujera yake sallah, a ƙarshen sahun farko ta dama. Duk sanda muka sallame muka juyo, shi muke fara gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yafe mana abin da muka yi da sunan tausayi, ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya a inda take da nauyi. Wassalamu alaikum.